Kalmar da Ba a Faɗa Gaban Suruki

Ni mutumin Gumel ne. Har na shekara ashirin da shida, babban ruwan da na taɓa gani shi ne kududdufin bayan makarantarmu, shi ma sai in damina ta yi kyau. Yau kuma aikina a Maryland shi ne hana teku cin ƙasa. Ina zaune a Largo da matata Shafa'atu, kusan kullum ina hanyar gaɓar Chesapeake ina auna duwatsun da aka jibge don kare gidajen mutane daga ruwa. In aka tambayi mahaifiyata aikin da nake yi a Amurka, cewa take yi gadin ruwa, kuma ban taɓa gyara mata ba.

Bayan aikin ofis ina da wani abin da ke cinye min lokaci. Akwai wata taswirar duniya a intanet wadda ba ta da mai ita. Kowa zai iya shiga ya zana layin unguwarsu ko masallacinsu, sannan ya liƙa wa abin laƙabi daga jerin da aka tanada: wannan titi ne, wannan gada ce, wannan rijiya ce. Ni na ɗauki gaɓar ruwa na riƙe. Abu biyu na fi zanawa. Akwai tulin duwatsun da ake kwantarwa can cikin ruwa daura da gaɓa don ya karya ƙarfin igiyar ruwa, shi ne breakwater. Akwai kuma wanda ake jerawa daga gaɓa a miƙe ya nufi cikin ruwa, don ya tare yashi kada ruwa ya kwashe shi. Wannan na biyun Amurkawa groin suke ce masa. Na zana irinsa sun fi ɗari biyu, ko sau ɗaya ban tsaya na yi tunanin sunan ba.

Surukina Malam Ubale ya yi shekara talatin da ɗaya yana fassara labarai a sashen Hausa na wani gidan rediyo a Washington. Da ya yi ritaya sai ya koma gidansa a hawa na shida a Silver Spring ya zauna, zama irin wanda ke ba iyali tsoro. Ya daina faɗa da talabijin. Ya daina gyara wa jikoki Hausa. In ka gaishe shi ya amsa, shi ke nan. Shafa'atu ta ce min wata rana, “Baban Radiyya, ka nema wa Baba abin yi, wallahi yana narkewa muna kallo.”

Ni da kaina na kai masa. Na nuna masa cewa laƙaban taswirar nan an fassara su zuwa harsuna barkatai, amma gurbin Hausa wayam yake, kalma sama da dubu huɗu, kowacce da lambarta. Ya gyara tabarau ya ce, “Wato Swahili ta riga mu?” Na ce ta riga mu, Baba. Ya ja kwamfutar gabansa.

Wata biyar ya yi a kai, kuma a wata biyar ɗin nan muka sami tsohonmu ya dawo. Ya koma ɗaga murya. Ya koma kira na da tsakar rana ina cikin taro, “Injiniya, meye bambancin wannan da wancan?” Bai taɓa kiran sunana ba tun da na auri 'yarsa ta fari, Injiniya kawai. Kuma gaskiya tsohon ya iya aikinsa. Bangon da ake ginawa a bakin ruwa ya sa masa katangar teku. Duwatsun da ake shimfiɗa wa gangaren gaɓa ya ce daɓen dutse. Breakwater ya kira shi makarin igiya, har na ji haushin ban riga shi tunowa ba.

Ƙungiyar Hausawan yankin ta ji labari, ta sa ranar karrama shi: wata Asabar, a wani zaure a Silver Spring, da cin abinci, da mata da yara, da liman. Mai gabatar da taron kuwa Malam Aminu ne, Badamagare, tsohon abokin aikinsa kuma abokin wasansa, mutumin da har yau yake ba da labarin wani tuntuɓen harshe da Baba ya yi a rediyo tun kafin a haifi Shafa'atu.

Ranar wata Talata, saura kwana goma sha ɗaya, Baba ya kira ni da murna. “Injiniya, na kammala. Juya taswirarka zuwa Hausa ka sha kallo. Kuma ka sani, ranar taro da aikinka zan buɗe. Zan haska gaɓar nan da ka zana a bango, babba, kowa ya ga surukina ba zaman banza yake yi ba.”

Na yi godiya, na ajiye waya, na juya taswirar zuwa Hausa ina cin abincin rana a tebur. Katangar teku ta fito, na yi murmushi. Daɓen dutse ya fito. Sai na danna ɗaya daga cikin duwatsun nan nawa masu miƙewa cikin ruwa.

Ku yafe ni, dole in rubuta ta don ku gane halin da na shiga. Matsematsi.

Baba ya buɗe ƙamus, ya tarar da groin, ya ga ma'anarta ta farko, wato inda cinya ta haɗu da ciki, ya rubuta abin da ya gani. Ban ga laifinsa ba. Bakano ne, ina ya ga teku balle yashinta. Amma taswira ba ta san uzuri ba. Na ja ta daga arewa zuwa kudu, kalmar nan a jere take a bakin ruwa, ɗaya bayan ɗaya, sama da ɗari biyu. Abin da ya ƙarasa ni shi ne shafin tarihin aiki, wanda shi ma ya koma Hausa. “Bashar ya ƙara matsematsi shida.” “Bashar ya gyara matsematsi.” “Bashar ya tsawaita matsematsi.”

Na hango zauren. Na hango kalmar a bango, kowane harafi ya kai tsawon hannu, ga liman a kujerar gaba, ga Malam Aminu riƙe da makirufo. Tsohon da muka yi wata biyar muna lallaɓa ransa ya dawo, a minti ɗaya za a mai da shi abin dariyar Silver Spring har ƙarshen rayuwarsa. Tausayinsa ya kama ni sosai, sannan na tuna ni ne zan faɗa masa, sai tausayin ya dawo kaina.

Wanda bai san mu ba zai ce, to ka kira shi ka gaya masa mana. Mutumin da ban taɓa miƙe ƙafa a gabansa ba. In ya shigo falo ina shan ruwa, ajiye kofin nake yi. Wannan zan kalla in furta wa kalmar da ko likita sai na yi kwana-kwana kafin in faɗa masa?

Na kai wa Shafa'atu kwamfutar a kicin tana yanka albasa. Ta karanta, ta ajiye wuƙa, ta zauna a ƙasa tana dariya har da riƙe ƙofar firij. Da ta lafa na ce, “To, mahaifinki ne, sai ki yi masa magana.”

“Ni?” ta ce. “In ce wa Baba me? Ka maimaita in ji yadda zan fara.”

“Ki ce akwai ɗan kuskure a...”

“A ina? Ƙarasa mana.” Ta share hawaye da bayan hannu. “Kai ka kai masa aikin, kai ka zana abubuwan, kai ka tsawaita su. Ba ruwana.”

Amma ita ta kawo shawarar in buɗe wani asusu da sunan ƙarya in canza kalmar a ɓoye, tunda shafin fassarar yana tura wa mai kalma saƙo da sunan duk wanda ya taɓa masa ita. Na buɗe, na sa wa kaina suna Mai Son Hausa, na goge kalmar Baba na rubuta “jerin duwatsu”. Ko minti goma ba a yi ba ya mayar da tasa. A minti na goma sha ɗaya wayata ta yi ƙara.

“Injiniya, ka ga wani mara tarbiyya? Wai Mai Son Hausa. Jerin duwatsu! Ai murhu ma jerin duwatsu ne. Ko sallama babu, ya shigo ya taɓa min kalma. Tsaya in karanta maka amsar da na ba shi.”

Ya karanta min, sakin layi huɗu, har da lambar shafin ƙamus. Ina tsaye a bakin matakala ina cewa, “Gaskiya ne, Baba. Lallai bai kyauta ba. Yaran yanzu ke nan.” Shafa'atu na bayana ta cusa mayafi a baki.

Da wannan ta ƙi, sai na yi abin da har yau nake jin kunyarsa a matsayina na injiniya. Na ce tunda ba zan iya canza kalmar ba, bari in kawar da abin da take nunawa. Ranar Lahadi na zauna na bi duwatsun nan ɗaya bayan ɗaya ina sauya musu laƙabi zuwa breakwater. A Hausa sai su fito makarin igiya, tsaf, abin da za a iya haskawa gaban liman. Na san ƙarya ce. Wanda ya miƙe cikin ruwa daban, wanda ya kwanta daura da gaɓa daban, ɗalibin aji ɗaya ya san wannan. Na yi guda sittin na tashi yin sallah.

Kafin in sallame an mayar da goma sha ɗaya. Wata mai suna Olive ce, daga wani ƙaramin gari a bakin ruwan, ta bar min saƙo da Turanci mai ladabi irin wanda ya fi zagi ciwo. Ta ce tana ganin waɗannan duwatsun ta tagar kicin ɗinta shekara arba'in, kuma a iya saninta ba su juya kwanciya ba a daren jiya. Zuwa yamma wasu sun shigo, an buɗe muhawara. Wani ya ce in dutsen ya miƙe sannan ya lanƙwasa a ƙarshe fa, wane laƙabi ya dace? Wani ya ce a raba shi biyu, kowane rabi da sunansa. Wani daga Jamus, wanda ba wanda ya gayyata, ya turo zane mai kibiyoyi. Sun yi kwana uku a kai, abu ɗaya kawai suka yarda da shi gaba ɗayansu, cewa ni ban san aikina ba. Na mayar da sauran da hannuna, na ba da haƙuri.

Saura kwana biyu taro, dabara ɗaya ta rage min. Na ce in Baba ya ga abin da idonsa, tulin dutse ne kawai da kashin tsuntsaye a kai, zai gane da kansa, ba sai na buɗe baki ba. Na ɗauki hutun ranar Alhamis, na je Silver Spring da hantsi na ce ina so in kai shi ya ga wurin da zai haska. Ya ji daɗi ƙwarai. Ya sa babbar riga da hula zanna kamar mai zuwa ɗaurin aure, ya ɗauko ƙamus ɗinsa ya rungume.

Tafiyar sa'a guda ce da 'yan mintuna. Na zaɓi garin da duwatsun suka fi fitowa sarai, na manta sam garin wa ne. Muka ajiye mota, muka taka cikin yashi, iska na kaɗa masa riga yana dafe hula. Na nuna masa katangar teku, ya shafa ta kamar ya ga ɗansa. Na nuna masa makarin igiya can cikin ruwa, ya gyaɗa kai. Sannan muka iso gaban wasu guda biyu da suka miƙe cikin ruwa, tsakaninsu kamar taku hamsin, yashi ya taru a tsakiya.

“Wannan fa, Injiniya?”

Na dubi ƙasa. “Baba, wannan ita ce... lamba ta dubu ɗaya da ɗari uku da bakwai a jerinku.”

Ya ciro waya, ya sa tabarau, ya nemo lambar. Ya dubi wayar, ya dubi duwatsun. Ya sake duban wayar. Zuciyata ta fara sanyi, na ce Alhamdulillahi, an zo wurin. Sai ya ja da baya taku uku, ya karkata kai, ya ɗaga hannu yana aunawa.

“Allahu Akbar,” ya ce. “Ka ga hikimar Bature? Ga ɗaya nan, ga ɗaya can, ga kuma inda suka haɗu da gaɓa. Wallahi da ina ɗan kokwanto a raina, amma yanzu na gani da idona. Allah ya yi maka albarka da ka kawo ni.”

Ban san lokacin da na ce amin ba.

Ina tsaye ina tunanin ko in shiga ruwan nan kawai in yi ta tafiya, sai na ji ana kiran sunana daga baya. Wata tsohuwar Baturiya ce cikin takalmin roba mai tsawo, ta fito daga wani farin gida tana tahowa da sauri. Hotona yana kan asusuna na taswira, ga kuma sunana a jikin rigar aiki. Ta iso tana haki, ta yi magana da Turanci, da ƙarfin murya irin ta wanda kunnensa ya fara nauyi.

“Kai ne Bashar? Kai ne ka taɓa min groin ɗina?”

Baba ya yi shekara talatin da ɗaya yana cin abinci da Turanci, ba harafin da ya wuce shi. A hankali ya juyo ya dube ni ta saman tabarau.

“Har goma sha ɗaya!” in ji ta, tana nuna masa da yatsu. “A rana ɗaya! Ranar Lahadi, ina dawowa daga coci na tarar.”

Baba ne ya ceci lamarin. Ya gyara riga, ya gaishe ta da Turancinsa na rediyo, ya gabatar da kansa, ya ce shi ne ya fassara laƙaban taswirar zuwa harshen da mutane miliyoyi ke magana da shi. Olive ta ji daɗi, ta ce ita ma shekara talatin ta yi tana aiki a ɗakin karatu na garin. Nan take suka ɗinke, suka manta da ni. Sai Baba ya yi mata tambayar da ban iya yi masa ba.

“Madam, wani abu nake so ki fahimtar da ni. Me ya sa kuka sa wa wannan gini sunan wani sashe na jikin ɗan'adam?”

Ta kalle shi, sannan ta fashe da dariya har sai da ta dafa kafaɗata. Ta ce ai ba kalma ɗaya ba ce, rubutu ne kawai ya haɗa su a Amurka, mutanen Ingila da wasu haruffan suke rubuta ta duwatsun. Ta ce a yadda ta karanta, asalinta wata tsohuwar kalmar Faransanci ce mai nufin hancin alade, saboda yadda abin ke cusa kai cikin ruwa.

“Alade,” in ji Baba.

“Alade!” ta ce da murna, har tana kwatanta hancin da hannu. Sannan ta tambaye shi, “Ku me kuka ce masa a harshenku?”

Baba ya rufe ƙamus ɗinsa. Ya ce, “Muna kan aiki a kai, Madam.” Ya yi mata godiya, ya ƙi shayin da ta yi mana tayi, ya juya ya nufi mota. Ina bayansa na ga yadda kafaɗunsa suka sauka, rigar ta yi masa yawa.

Muka kama hanyar gida. Ni dai hanya nake kallo, ina jin kamar na tura tsoho rami da hannuna. Can ya yi gyaran murya.

“Kwana nawa da ka gani?”

“Tara, Baba.”

“Shafa'atu ta sani?”

Na ƙura wa hanya ido, ya gane.

“Wancan mara tarbiyyar fa, Mai Son Hausa?”

“Ni ne, Baba.”

Ya yi wani sauti, ban san dariya ce ko tari ba. “Har kana ce min yaran yanzu ke nan.” Ya cire hula ya ɗora a gwiwa, abin da bai taɓa yi a gabana ba. “Injiniya, ka san a wurin aikinmu, ba takardar da ke shiga situdiyo sai wani ya duba ta. Kana zaune za ka ji an ƙwala maka kira daga ƙarshen ofis, Ubale, wannan shirme ne, sake! Ka ji haushi, ka yi masifa, ka sake. Shekara talatin da ɗaya haka. Tun ranar da na bar wurin nan ba wanda ya sake ce min na yi kuskure. Duk abin da na faɗa, madalla Baba, gaskiya ne Baba. Ko ca na yi rana daga yamma take fitowa, madalla za ku ce. Haka ake yi wa mara lafiya, Injiniya. Ni na ɗauka aikin nake kewa.”

Idona ya ciko. Na so in ce girmamawa ce, amma na ga kwana taran nan a jere, da asusun ƙarya, da duwatsu sittin da na yi wa ƙazafi, duk don kada in faɗa wa mutum gaskiyar da ya fi kowa iya ɗauka. Na ce, “Ku yafe ni, Baba.” Ya ciro waya ya danna, ya sa ta a lasifika.

“Bakano!” muryar Malam Aminu ta cika motar. “Ka shirya jawabin ko in rubuta maka?”

“Rufe min baki ka saurara. Gara ka ji daga bakina.” Ya zayyana masa komai, ya faɗi kalmar ɓaro-ɓaro, ni kuwa na ƙura wa lambar motar gabana ido kamar za a yi min jarrabawa a kanta.

Malam Aminu ya yi dariya daga wata mahaɗa har muka wuce ta gaba. Muna jin matarsa tana tambaya ko lafiya. Da ƙyar ya ce, “Wayyo cikina. Ubale, me ya sa ka gaya min yau? Da ka bari sai Asabar mana!” Ya ja numfashi. “Bon. Abin nan na bakin teku mai tare rairayi? Na san shi, mun taɓa yin rahoto kansa daga Kwatano. Mu a Faransanci epi muke ce mishi. Zangarniya ke nan, ta hatsi. Ka dube su daga sama, ba kamar zangarniyoyi suka fito jikin gaɓa ba? Sa zangarniya ka huta. Amma ka ce Badamagare ya ba ka.”

“Allah ya kiyaye,” in ji Baba, ya kashe wayar.

Ya zauna yana huci, yana buga yatsa a kan ƙamus. “Zangarniya. Wai ni za a ba kalma daga Damagaram. Ina da tawa.” Ya yi tunani har muka shigo Largo. “Gadar yashi. Ka ji ta? Gajeriya, mai daɗin faɗa, ba sashen jikin kowa a ciki. Gadar yashi.” Ya juyo gaba ɗaya ya fuskance ni. “Injiniya, ta yi ko ba ta yi ba?”

Madalla ta riga ta hau harshena, shekara goma sha biyu tana hawa da kanta. Na haɗiye ta. Na sa sigina, na gangara gefen titi gaban wani shagon wanki, na tsayar da mota, don ban yarda zan iya tuƙi da wannan maganar a lokaci guda ba.

“Ba ta yi ba, Baba.”

“Dalili?”

“Wanda ya ga gada a taswira zai ɗauka ana haye ta. Wata rana wani zai sa mota ya faɗa ruwa.” Tunda na fara sai na ƙarasa. “Ta Malam Aminu ta fi.”

Ya daɗe yana kallon shagon wankin. Wata mata ta fito da kwandon kaya, ta loda a mota, ta tafi, bai motsa ba.

“Sake faɗa,” ya ce.

“Ba ta yi ba, Baba.”

“Da ƙarfi. Wannan kunnen ba ya ji sosai.”

Na faɗa da ƙarfi, har wani mai wucewa ya waiwayo. Baba ya cire tabarau ya goge idonsa da hannun riga, ya mayar, ya buɗe lamba ta dubu ɗaya da ɗari uku da bakwai. Da yatsa ɗaya ya rubuta zangarniya, harafi bayan harafi, yana gunaguni a kan Damagarawa da kakanninsu. Ya danna ajiye, ya mayar da hularsa.

“Gobe Juma'a, in an sauko daga masallaci ka biyo ta gidana,” ya ce. “Akwai sauran kalma dubu huɗu da ba wanda ya duba min. Ka zo da jan biro.”